Ranar da Aka Ce Uwarki Ta Tashi

Zuwa ga 'yata ta fari,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka Malumfashi lafiya, mota ba ta tsaya muku a hanya ba, kuma an ba ki gadon ƙasa ba na sama ba, don na san irin juyin da kike yi in kina barci. Allah ya tsare mini ke daga zazzaɓi, da muguwar ƙawa, da malami mai saurin hannu. Amin.

Kar ki yi dariyar rubutuna. Da makarantarku ta yarda a zo da waya, da murya zan danna miki in yi ta zuba har caji ya mutu, kin san halina. To sun hana. Ga ni nan da biron ƙanenki Bitrus da takardar da na yago daga littafinsa, yana can ƙofar gida yana mita. Rabona da rubutu mai tsawo haka tun ina aji biyu na sakandare, shekarar da na bar makaranta. Inda kika ga na goge ya yi baƙi, ki tsallake kawai.

Ba labarin gida zan ba ki ba, yanzu kika baro shi. Magana ce ƙanwata Lami ta gaya mini. Kar ki ji haushinta, ni na matsa mata sai da ta faɗa. Ta ce malamin dirama na sabuwar makarantarku, wanda ya gan ki a taron bara a nan Funtua, ya aiko yana so ki fito a taron musayar ra'ayi da za su yi ƙarshen zango. Irin taron nan da ɗalibai ke yin dirama da waƙa da rawa, a gayyato manyan baƙi su hau dandamali su yi jawabin ƙarfafa gwiwa. Ya ce ke yake so ki ja wasan. Ke kuma kika ce wa Lami da kin isa za ki je ki ce masa a'a, kin daina dirama. Lami ta ce don me? Kika ce, "Wa zan yi wa?"

Tun da ta maimaita mini maganar nan na rasa sukuni. Ranar har kasko guda na awara na ƙona, ina tsaye a kansa da matsami a hannu. Shi ya sa nake roƙonki, kafin ki je wurin malamin nan, ki zauna ki karanta wannan har ƙarshe. Zan fara da ƙananan kurakuraina, don babban sai na ja numfashi.

Ba ki sani ba, ni ma na yi dirama. A ƙauyenmu can bayan Dandume, duk Kirsimeti matasa kan yi wasan haihuwar Yesu a coci, kuma kullum ni ake ba matar mai masauki. Ba wani babban wuri ba ne, magana ce kaɗan, in ce babu ɗaki. Amma ni sai in ɗaura zane a ƙirji, in riƙe ƙugu, in ce wa Yusufu, "Malam, kai da ka san matarka ta kusa, sai yau ka tashi tafiya?" Coci ya ɗauka da dariya har fasto yana share ido. Ina jin daɗin abin nan fiye da shinkafar Kirsimeti.

Sai wata shekara ƙawata Talatu ta ce mini a bakin rijiya, wai samari suna ce mini 'yar wasa, wai ba mai ɗaukata da muhimmanci. Magana ɗaya fa. Babana bai hana ni ba, mamata ba ta hana ni ba. Ni da ƙafata na je na ce wa shugaban matasa bana ba zan yi ba. Kuma in gaya miki gaskiya, na zaci za a zo a roƙe ni. Na zauna a gida ina jira a aiko. Ba wanda ya zo. Shugaban ya ce to, ya ba wata. Ranar Kirsimeti ina zaune a benci ina kallonta tana cewa "babu ɗaki" kamar mai karanta allon asibiti, bakina yana motsi da kalmomin da ya kamata ta faɗa. Shekara ta zagayo, ba a ma tuna an tambaye ni ba.

To ki ji. In kika ce wa malamin nan a'a, zai ce to, ya ba wata. Ba mugunta ba ce, wasa ne da shi da zai shirya. Wanda kike fushi da shi ba zai ma san kin hukunta shi ba, ke ce za ki zauna a benci bakinki yana motsi. Duk abin da za ki bari, ki bar shi don kin ƙoshi da shi, ba don kina jiran wani ya zo ya ce ki dawo ba.

Sai maganar baƙin nan masu jawabi. Kin san ni da su, rabin datar wayata a kansu take ƙarewa. Ina suya ina kallo, ina wanke waken suya ina saurare. Akwai wata da nake bi, mai farin gilashi, tana tafiya daga wannan gefen dandamali zuwa wancan, ta tsaya, ta nuna mutum da yatsa. Da aka ce ni zan yi wa zumuntar mata magana a kan haƙuri a gida, sai na ce yau za su ga abu. Na hardace nata kaf. Na aro gilashin Lami. Na tashi ina zagaya gaban coci, ina jefa Turancin da ni kaina ban gama sanin ma'anarsa ba, ina nuna tsofaffi da yatsa ina cewa su ce amin. Shiru. Ko mai kaɗa tulu ba ta motsa ba. Da na gama, wata tsohuwa da ke zama kusa da ƙofa ta kira ni, ta riƙe hannuna ta ce, "Maman Bitrus, sannu da ƙoƙari. Amma mu ke muka zo ji. Ina kika baro ki?"

Na koma gida ban ci abinci ba. Amma ta yi gaskiya. Da na tsaya na ba su labarin ranar da ruwan tsami ya ƙi kama mini awara, ni da babanku muka zauna muka shanye ruwan waken da sukari muna dariya, da sun fi jin haƙurin.

Don haka in baƙin nan suka zo makarantarku, ki saurare su da kyau, akwai masu faɗin abin da zai zauna miki har tsufa. Amma ki riƙa tacewa kamar yadda nake tace wake, ba duk abin da aka niƙa ake zubawa a tukunya ba. In wani ya ce ki manta da inda kika fito don ki yi nisa, ki bar masa kayansa. In an ba da damar tambaya, kar ki tambaye su yadda suka yi nasara, wannan sun riga sun hardace. Ki tambaye su wa ya riƙe su lokacin da abin ya ƙi. Kuma kar ki ari muryar kowa. Taki ta isa, na ji ta.

Na ji ta, i. Yanzu na zo wurin.

Kin taso kin ga ba na kiran sunanki. Ke ce ta fari, amma Maman Bitrus ake ce mini. In zan kira ki sai in ce "ke" ko "'yar Inna". Ke kuma Anti kike ce mini, don ana yaye ki kakarki Inna, mahaifiyar babanku, ta ɗauke ki zuwa ƙauye, sai da kika isa shiga makaranta kika dawo hannuna. Haka muka tarar. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yabonsa a gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. Kunya ce. Ina ƙarama na haife ki, duk abin da na ga manya suna yi shi na kama, kuma ba wanda ya taɓa ce mini ga ranar da ake dainawa. Ni da bakina ba ya rufuwa, ni da ke gaisa da mutanen da ban taɓa gani ba a gurup, a gabanki sai in zama kurma.

Ranar taron bara, kin tuna, Inna ta zo daga ƙauye da su Goggo, mata biyu na gidansu, muka zauna a layin da ke kusa da taga. Tun da aka fara wayata tana sama. Na ɗauki masu rawa, na ɗauki ƙungiyar mawaƙa, na ɗauki 'yar maƙwabciyarmu da ta yi waƙa da Turanci, har na sa ta a sitatus tun ba ta sauka ba. Sai mai gabatarwa ya kira sunanki a makirfo. Alheri. Kin ga na rubuta, kuma hannuna bai karye ba.

Kika fito a tsohuwar da ta rantse ba za a shuka waken suya a gonarta ba sai dawa. Kin ɗaura kallabi a karkace, kina jan ƙafar hagu, kina cewa, "Wake da sai an matse shi da dutse kafin ya zama abinci, ni zan ba gonata?" Tafiyar Inna ce sak. Inna ta yi dariya har tana dukan cinyata. Ni kuwa da na ga ke ce, sai hannuna ya sauko da kansa. Na kife wayar a cinya, na sunkuyar da kai ina kallon takalmin matar da ke gabana. Surukata tana gefena, matan gidansu suna gefenta. Yaya zan ɗaga waya ina ɗaukar 'yar fari? Da kunne na kalli wasanki gaba ɗaya. Duk inda aka yi dariya, ƙirjina kamar ya fashe.

Da kuka gama, baƙuwar ranar ta karɓi makirfo. Likitar nan da aka ce a nan yankin ta taso. Ta riƙe hannunki ta ce, "Wannan yarinya Allah ya yi mata baiwa. Ina uwarta? Ta tashi mu tafa mata."

Ban tashi ba.

Ta sake cewa, "Uwar Alheri, ina kike?" Iyayen wasu suna ta waige-waige. Na ɗago kaɗan, sai na ga idonki a kaina, kai tsaye, kin san inda nake zaune. Na sake sunkuyar da kai. Sai likitar ta ce, "To, wataƙila ba ta samu zuwa ba. Ba komai 'yata, yau ni ce uwarki." Ta rungume ki, ɗakin ya ɗauka da tafi. Ni ma na tafa. Wannan tafin shi ne abin da ya fi ci mini rai, na tafa wa wata don ta zama uwarki.

Da yamma ina tace wake kika zo kika ce, "Anti, ara mini wayarki." Na ba ki. Ina kallonki ta gefen ido kina wuce bidiyo ɗaya bayan ɗaya, 'ya'yan mutane duk suna ciki. Kika kai ƙarshe, kika koma farko, kika sake bi. Sannan kika ajiye mini ita a kan turmi kika ce, "Na gode." Na ci gaba da tace wakena. Na ce a raina ai ta sani, ai ta san kunya ce. Shekara guda ina gaya wa kaina haka, har ranar da Lami ta kawo mini maganarki.

Washegari na hau acaɓa na tafi ƙauye wurin Inna. Na same ta a tsakar gida tana ɓare masara. Bayan mun gaisa na ja kujera na fara taya ta, na kasa farawa. Ta dube ni ta ce, "Uwar Bitrus, ba masara ta kawo ki ba. Ke da ko a jana'iza wayarki tana hannu, yau tana jaka. Wa ya mutu?"

Na ce, "Inna, 'yarki ce. Wai ta daina dirama."

Ta ce, "Ta gaji da kwaikwayon tafiyata? Ai gara, ta mai da ni abin dariya a Funtua."

Na ce, "A'a Inna. Don ban tashi ba ne ranar nan."

Ta ci gaba da ɓare masararta. Can ta ce, "Ni ma na yi mamaki da ba ki tashi ba."

Na ce, "Haba Inna! Kina gefena fa. Ga su Goggo."

Ta ce, "To ni na riƙe miki zane?"

Na ce, "Ke kin taɓa kiran sunan babansu?" Don kin san babanku shi ne ɗanta na fari.

Ta ce, "Ban taɓa ba, kuma ba zan fara da furfura ba. Amma shi da ya taso, uwar wa ya ga tana kiran ɗanta na fari? Duk garin haka ake yi. Yaro ya duba gidan dama ya duba na hagu, ya ga abu ɗaya, ya san ba ƙi ba ne. Taki fa? Tana tsaye a sama tana ganin uwayen wasu suna tsalle da waya. Ke kanki kina tsalle wa 'ya'yan wasu. Me kike so ta ɗauka?"

Na fara kuka a kan masarar mutane. Ta ce, "Kar ki jiƙa mini hatsi. Mu mun yi kunyarmu a inda ake gane ta. Ke kin kai taki inda ba a jin yarenta." Sannan ta ce in ɗauko mata ruwa, maganar ta ƙare ke nan.

'Yata, ba na zagin al'adarmu. Akwai abin da take karewa, tana hana uwa fariya da ɗa, tana sa yaro ya zama na kowa a gida. Kuma ba zan yi miki ƙarya in ce gobe za ki ga na canza gaba ɗaya ba. Wataƙila in kin dawo hutu har yanzu "ke" za ki ji ta fito daga bakina, harshe ya saba. Amma kuskurena ba kunyar ba ce kaɗai. Na bar ki kina fassara shiruna ke kaɗai, kuma yaro in aka bar shi da shiru, mafi munin ma'ana yake ɗauka. Ki riƙe wannan ko a makaranta. In ƙawarki ta yi abin kirki, ki faɗa mata da baki. In malami ya taimake ki, ki je ki ce kin gode. Kar ki ce ai ya sani. Ni na ce ai ta sani, ga inda ya kai mu.

To bari in faɗa da baki, ko da yake da biro ne. Ranar nan kin fi kowa. Ba don ke tawa ce ba, na kalli dirama iri-iri a waya, na san mai kyau. Inda kika tsaya kika yi shiru kafin ki ce "to a shuka, amma a gefen kunya ɗaya", kika bar mutane suna jira, ba koya miki aka yi ba, a jininki yake. Na san inda kika samo shi, kuma na san yadda yake ciwo in an binne shi.

Ba zan ce dole ki karɓa ba. In kin je kin ga karatun ya yi yawa, ko wasan bai yi miki ba, ko zuciyarki ta koma wani abu, ki ce wa malamin a'a da ladabi, ba abin da zai ragu tsakanina da ke. Abu ɗaya nake roƙo, kar a'ar ta zama saboda ni. Kin tambayi Lami wa za ki yi wa. Da farko ki yi wa kanki, don na ga fuskarki in kina kan dandamali, ba ta haske haka a ko'ina. In kuma lallai sai da wanda za a yi wa, to ga ni.

Zan zo. Na riga na gaya wa babanku ranar ba zai fita da keke neman fasinja ba, tasha zai kai mu. Na gaya wa masu sayen awara su nemi wani wuri. Inna ma ta ce za ta zo ta ga ko wa za ki kwaikwaya bana, ta ce in ita ce kuma sai kin biya ta da goro. A gaba zan zauna, ba kusa da taga ba. Ko baƙon bana ya tambayi uwarki ko bai tambaya ba, in kin gama zan tashi tsaye a gaban Inna da su Goggo da duk Malumfashi. Wataƙila in rufe fuska da gyale, amma a tsaye za ki gan ni. Wayar kuma Lami zan miƙa wa tun daga ƙofa, ita ta ɗauke ki daga farko har ƙarshe. Ni ina da aikin da zan yi da hannuwana biyu.

Takardar Bitrus ta ƙare, ina rubutu a gefe-gefe. Ki riƙa cin abinci ko bai yi daɗi ba. Ki riƙa shiga gidan sauro. Kar ki ba kowa aron bokitinki. Ubangiji ya kiyaye fitarki da shigarki, ya tsare ki a aji da ɗakin kwana da kan hanya, ya ba ki ƙawaye masu tsoronsa, ya buɗe miki kai, ya buɗe miki murya. Ya dawo mini da ke lafiya, ya kuma ba ni ƙarfin ƙafa ranar nan. Amin.

Uwarki,
Rahila